Ranar Alhamis Za A Harbe Baban Nahla

Litinin, 6 ga Mayu, bayan La'asar

Na dawo daga makaranta na tarar da farar mota a ƙofar gida, yaran unguwarmu ta Bako sun kewaye ta suna leƙe. Wani mutum ne wai shi Jerry, haifaffen Numan, amma Legas ta cinye masa Hausa. Daraktan fim ne. Baban Nahla ya zo nema.

Fim zai yi a kan ceton da aka yi musu. Ina ɗauke da cikin Nahla lokacin, yanzu ga ta a aji huɗu. Su uku ne suka tafi haƙa rijiyar burtsatse can arewacin jiha, 'yan Boko Haram suka tare su a hanya: shi, da Nicodemus direban motar haƙa, da Absalom ƙaraminsu. Damina guda suka yi a daji kafin sojoji da maharba su kutsa su fito da su. Biyu suka dawo. Absalom, an ce harsashi ya same shi a ranar ceton.

Iya abin da na sani ke nan, kuma a bakin mutane na ji. Shi bai taɓa ba ni labari ba.

Na kai musu kunun gyaɗa, na tsaya bayan labule. Jerry yana cewa, "Malam Suhaib, ba wasa za ka yi ba. Ka zauna gefena kawai, in mun yi kuskure ka gyara mana." Na jira in ji ya sallame shi kamar yadda ya sallami 'yan jarida a da. Sai na ji ya ce, "Yaushe za a fara?"

Laraba, 8 ga Mayu, da safe

Ya tafi. A bayan garin Ngurore suka kafa bukkoki a gindin duwatsu, can ake ɗauka. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Ni na goge masa ita.

Alhamis, 9 ga Mayu, bayan Isha

Ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Ya ba Nahla labarin kyamara mai tashi sama kamar shirwa, tana ta dariya. Ya ce bukkokin sun yi kyau da yawa, ya sa an yayyaga zanar an zuba toka a ƙasa. Ya ce wanda zai fito a matsayinsa wani dogon yaro ne fari, mai ƙirji. "Kin ga mijinki a fim, sai kin sake aurena."

Na yi dariya. Wallahi na ji daɗi. Na ce a raina wataƙila wannan ne maganin da aka daɗe ana nema.

Asabar, 11 ga Mayu, da rana

Zafi. Ba wuta tun shekaranjiya. Mun baje a gindin mangwaro, ko ganye ba ya motsi.

Na ce masa, "Nico fa? Shi ma yana zuwa?" Ya ce Jerry ya je har unguwar Jambutu ya same shi, ya ƙi. Daga nan ya tashi ya shiga ɗaki.

Abin su biyun nan ya daɗe yana ba ni mamaki. Duk Kirsimeti sai Nico ya aiko mana da shinkafa da kaza, duk Sallah sai mun aika musu da nama. Amma ban taɓa ganin sun zauna tabarma ɗaya ba. In Nico ya zo, Baban Nahla a tsaye yake gaishe shi, idonsa a ƙasa.

Ban tambaya ba.

Talata, 14 ga Mayu, bayan Magariba

Jerry da kansa ya kawo shi gida, bakinsa har kunne. Tun daga zaure yake kira na, "Madam! Mijinki ɗan wasa ne, kin sani?"

Ga abin da ya faru, yadda Jerry ya faɗa. Akwai shugaban waɗanda suka tsare su, wani da suke kira Gurgu. Ɗan wasan da aka kawo ya yi shi sai ihu yake yana zare ido. Baban Nahla ya ce ba haka yake ba, mutumin nan bai taɓa ɗaga murya ba. Aka ce to ya nuna. Ya tashi, ya karɓi sandar, ya ja ƙafar hagu ya nufi yaran da ke zaune a ɗaure, ya durƙusa, ya ce a hankali, "Baƙina, kun tashi lafiya?"

Jerry ya ce wurin ya yi tsit. Wata mai yi wa 'yan wasa kwalliya ta fashe da kuka. An sallami wancan, shi zai yi Gurgu.

Na dubi Baban Nahla. Yana wanke hannu a bakin randa, yana ta wankewa.

Na ce, "Ka yarda?"

Ya ce, "Wa ya fi ni sanin sa?"

Laraba, 15 ga Mayu, da asuba

Ya daina aske gemu. Wai Jerry ne ya ce.

Juma'a, 17 ga Mayu, bayan La'asar

Bappa Abdulƙadir, ƙanin mahaifinsa, ya kira shi cikin Yola bayan masallaci. Na raka shi don in gaida Goggo, matar Bappan. Ta taga nake jin faɗan, rabi Fulatanci rabi Hausa. Bappa yana cewa wanda Allah ya fitar daga rami ba ya komawa ya leƙa zurfinsa. Yana cewa me mutane za su ce, ɗan gidan nan da rawanin 'yan ta'adda a talabijin. Shi kuwa "to, Bappa" kawai yake ta maimaitawa.

A keke muka dawo. Gobe zai koma Ngurore.

Lahadi, 19 ga Mayu, da hantsi

Ina shara na ji tafiya a bayana, taku ɗaya sannan jan ƙasa, taku ɗaya sannan jan ƙasa. Na juya. Shi ne, daga banɗaki ya fito da buta.

Na ce, "Ƙafarka fa?"

Ya dube ta kamar ta wani ce. Ya ce, "Me ta yi?"

Litinin, 20 ga Mayu, lokacin tara a makaranta

Na kasa koyarwa. Na rubuta musu lissafi a allo na zauna.

Da safe Nahla ta zubar da shayi a kan tabarma. A da sai ya yi tsaki ya ce ta kawo tsumma. Yau ajiye kofinsa ya yi, ya matso kusa da ita, ya yi murmushi. Ya ce, "Ba komai, baƙuwata. Zo nan." Murya mai laushi, ban taɓa jin ta a gidan nan ba. Yarinyar ba ta san komai ba, amma ta ƙi zuwa. Ta ɓuya a bayan zanina.

Bai taɓa ta ba. Ina so in rubuta wannan sarai: bai taɓa ta ba.

Talata, 21 ga Mayu

Ba komai yau.

Laraba, 22 ga Mayu, da yamma

Na shiga kasuwar Jimeta sayen manja, na biya ta rumfar Rhoda matar Nico. Ta ja ni baya inda take ajiye busasshen kifi.

Ta ce, "Maman Nahla, gaskiya ne mijinki shi ke yin mutumin nan?"

Na ce gaskiya ne.

Ta riƙe baki. "Yesu. Nico tun da ya ji bai ci abinci kirki ba. Ya ce Suhaibu yana neman wani abu a wurin nan, ba fim ba."

Na ce me yake nema? Ta ce ita ma ba ta sani ba, nata mijin ma ba ya magana. Ta ce abu ɗaya ta sani, Nico ba ya cire riga ko a gabanta sai an kashe fitila.

Ta ƙara min manja a kan wanda na saya. Na fito na manta da shi a keke.

Alhamis, 23 ga Mayu, bayan Isha

Hadari ya haɗu, iska ta kwashe mana kwano ɗaya na kicin, ruwa bai sauka ba.

Ya dawo da fara'a. Ya ce saura fitowa ta ƙarshe, ta ceton, ranar Alhamis mai zuwa. Maharba na gaske aka ɗauko da bindigoginsu na toka, albarushi kawai za a ɗura don ƙara da hayaƙi. Wani tsoho a cikinsu shi zai harbi Gurgu a ƙirji, daga kusa. Ya ce ya saba da tsohon, har yana taya shi goge bindiga.

"Ranar Alhamis za a harbe ni," ya ce, yana suɗe hannu.

Na ce ya daina faɗin haka a gaban yarinya. Ya ce ai fim ne.

Asabar, 25 ga Mayu, da safe

Ya kwashe akwatin sifanoninsa ya ba yaron maƙwabta mai koyon kanikanci. Akwatin da ko ni ba ya bari in matsar. Ya ce sun tsufa.

Asabar, da rana

Ya je maƙabarta wurin Dada, mahaifiyarsa. Ba Juma'a ba, ba Sallah ba.

Ban tambaya ba.

Lahadi, 26 ga Mayu, bayan Azahar

Ina wanki na ji nauyi a aljihun wandonsa. Ƙullin tsumma ne. Na kwance, 'ya'yan boris ne, ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan na cikin inji, masu sheƙi, an goge musu maiko tas.

Mai aikin injin haƙa ne, aljihunsa ba ya rabuwa da ƙarfe. Na sha tsintar noti da kusa. Ba wani abu ba ne.

Na mayar na ƙulle yadda na gan shi. Na ajiye a kan taga.

Lahadi, bayan Magariba

Ba ya kan tagar.

Litinin, 27 ga Mayu

Ba wani abu ba ne. Ba wani abu ba ne.

Talata, 28 ga Mayu, da asuba

Bayan sallah na same shi zaune a kan darduma. Na zauna kusa da shi. Shekara tara ina ɗaga masa ƙafa, ina cewa wanda ya sha wuya ba a tone masa miki. Yau na ce, "Baban Nahla, don girman Allah me ya faru a dajin nan?"

Ya dubi tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Kin ga yaron da ke yin ni a fim ɗin? Shi ke raba wa 'yan uwansa abincinsa. Shi ke kunna wuta ya nuna wa sojoji hanya. Jerry ya tambaye ni ko haka aka yi, na ce haka aka yi."

Na ce, "To yaya aka yi?"

Ya shafa kaina, abin da rabonsa da yi har na manta. Ya ce, "Ki riƙe Nahla da karatu. Tana da kai."

Ya tashi ya fita, yana jan ƙafa.

Laraba, 29 ga Mayu, da yamma

Ban je makaranta ba. Na hau keke zuwa Jambutu.

Na samu Nico a ƙarƙashin wata tsohuwar tifa yana gyara. Ya fito, ya shimfiɗa min buhu a inuwa. Na gaya masa komai, sifanoni, maƙabarta, ƙullin tsumma, tsohon maharbi. Da bakina na kasa haɗa su, sai na jera masa su kawai. Yana ji yana goge hannu da tsumma, har ya daina gogewa.

Ya ce, "Maman Nahla, zan gaya miki, amma ki sani ni ban riƙe shi da komai ba."

Zan rubuta yadda ya faɗa, sau ɗaya, ba zan sake ba.

Nico da Absalom Kirista ne, Baban Nahla kaɗai ne Musulmi. Gurgu ya ce su bar addininsu, suka ƙi. Ya ce to za a yanka su. Baban Nahla ya faɗi yana roƙo, yana cewa ma'aikata ne, suna da amfani, su suka san gyaran inji. Gurgu ya yi murmushi ya ce ya ji, ba za a yanka baƙinsa ba, amma sai an hore su. Ya miƙa wa Baban Nahla bulala ya ce shi zai yi, ya nuna wane ɓangare yake. In hannunsa ya yi sanyi, a kawo wuƙa.

Ba sau ɗaya ba. Duk lokacin da Gurgu ya ga dama.

Nico ya ce, "Yana dukana yana kuka. Ni nake ce masa a hankali, ƙara ƙarfi, suna kallo. Bulalar nan ce ta sa yau ina da rai."

Absalom kuwa zazzaɓi ya riga ya cinye shi. Dukan ƙarshe bai tashi ba. Ya yi kwanaki yana kiran mamarsa, ya cika. Bayan 'yan kwanaki sojoji suka iso. A cikin motar da ta kwaso su suka yi shawara su ce harsashi ne, don mahaifiyarsa, Mama Jemimah, da ke sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi tun da aka ƙone ƙauyensu. Har yau haka ta sani. Haka ma aka rubuta a fim.

Na yi amai a bayan tifar. Nico ya kawo min ruwa.

Ya ce, "Da wane lokaci za su ɗauka?" Na ce da sassafe, don da asuba aka yi ceton. Ya ce in jira shi a bakin titin Bako bayan sallah.

Laraba, bayan Isha

Jerry ba ya ɗaukar waya. Na kira har cajina ya ƙare.

Baban Nahla kuma ya aiko cewa a Ngurore za su kwana. Na kai Nahla gidan Goggo.

Alhamis, 30 ga Mayu, bayan La'asar

Zan rubuta yadda aka yi.

Motar Nico ta mutu mana a hanya, sai da muka tura. Da muka isa gari ya fara haske. Daga nesa na hango hayaƙi, da mutane cikin kakin soja suna kwance a bayan duwatsu. Wani yaro mai riƙe da waya ya tare mu, wai ana ɗauka, ba a shiga. Nico ya ture shi gefe kamar labule.

Na gan shi. Yana tsaye a ƙofar bukka da baƙin rawani da sanda. Da ba don na san tsayinsa ba, da ban gane mijina ba. A gabansa, nisan tabarma biyu, tsohon maharbin ya durƙusa ya saita bindiga. Jerry ya ɗaga hannu.

Nico ne ya ratsa ta gaban kyamara, ya kama bakin bindigar ya ɗaga sama. Jerry yana ta faɗa da Turanci, wa ya bar wannan ya shigo, an ɓata masa hasken safiya.

Nico ya ce wa tsohon, "Baba, wa ya ɗura maka?"

Tsohon ya ce, "Ni na ɗura da daddare, albarushi da tsumma. Na ba Malam Suhaibu ya ajiye min."

Nico ya ce, "Harbi wancan."

Duro ne na ruwan sha, cike, a gindin bishiya. Tsohon ya dubi Jerry, ya dubi Nico, ya juya ya harba. Ƙarar ba irin ta sauran ba ce. Da hayaƙin ya washe, duron ya huje ta ko'ina, ruwa yana tsartuwa ta gaba da baya.

Na gane inda 'ya'yan boris ɗin nan suka shiga. Ruwa kawai ake ji.

Tsohon ya ajiye bindigar a ƙasa. Ya taka har gaban Baban Nahla. Ya ce, "Yaro, na ci abinci da kai. Da hannuna ka so? In tashi gaban Allah da jininka?" Ya tofar da yawu a gefe, ya tafi ya zauna a kan dutse ya rufe fuska.

Baban Nahla bai motsa ba. Nico ya je ya warware masa rawanin, ya jefar. Ya karɓe sandar. Sannan ya cire tasa rigar a gaban kowa, ya juya masa baya.

Ba zan kwatanta bayan nan ba.

Ya ce, "Duba. Duba mana, Suhaibu, shekara tara kana kallon ƙasa. Wannan bayana ne. Ni ke da shi, ni zan ce an yi min laifi ko ba a yi ba. Wa ya ba ka alƙalanci? Ka mutu ka bar ni ni kaɗai da abin nan a kai?"

Sai a lokacin Baban Nahla ya motsa. Ya zube a cikin toka. Kukan da ya yi, ban san namiji yana da irinsa ba. Yana cewa, "Absalom fa? Absalom fa, Nico?"

Nico ya ce, "Wannan ba ni zan amsa maka ba. Yana da uwa."

Na lura mai kyamara bai kashe ba. Na je na tsaya a gabansa har sai da Jerry ya ce ya kashe.

Juma'a, 31 ga Mayu

Baban Nahla yana gidan Bappa. An kwashe wuƙaƙe da igiyoyi daga ɗakin. Bappa bai yi faɗa ba, ya zauna a bakin ƙofa da carbi tun jiya.

Asabar, 1 ga Yuni, da rana

Likita ya zo, ya ba da magani, ya ce a riƙa kai shi asibiti duk mako, kada a bar shi shi kaɗai. Yana ta barci. Nahla ta tambaya ko an gama fim ɗin. Na ce an gama na babanta.

Jerry ya zo, ya rame. Ya ce bai sani ba, ya rantse bai sani ba. Na yarda. Ya ce ya goge abin da aka ɗauka ranar. Wannan ban sani ba ko in yarda. Ya ce zai dawo da ɗan wasan farko ya ƙarasa. Na ce labarin fa, zai gyara? Ya ce masu kallo suna son jarumi.

Ruwan farko ya sauka da la'asar. Ban fita na tara ba.

Litinin, 3 ga Yuni, bayan Magariba

Na kai wa Baban Nahla abinci. Ya ci kaɗan. Ya ce, "Nico ya gaya miki." Na ce ya gaya min. Ya ce, "Kuma kin zo da tuwo."

Na ce, "To da me zan zo?"

Gaskiyar da ba zan gaya masa ba: da ya miƙo hannu zai karɓi kwanon, sai da na kalli hannun. Allah ya yafe min. Na kalle shi.

Talata, 4 ga Yuni

Ya ce zai je Malkohi. Bappa ya ce a bari ya warke. Ya ce in bai je ba fim ɗin zai riga shi isa.

Alhamis, 6 ga Yuni, bayan Isha

Mun je, ni da shi da Nico da Rhoda.

Ɗakinta na laka ne, a ƙarshen layi, ga 'yar gonar kuɓewa a baya. Mama Jemimah ƙaramar tsohuwa ce, ido ɗaya ya yi fari. Ta gane Nico da murya. Ta yi ta murna, ta ce abokan Absalom sun zo, ta sa a kawo benci. Baban Nahla ya ƙi hawa, ya zauna a ƙasa a gabanta.

Ya faɗa mata. Bai rage ba, bai kuma kawo uzuri ba. Nico ne ya riƙa cusa bakinsa yana cewa an sa shi ne, Mama, da wuƙa a kanmu. Ta ɗaga masa hannu ya yi shiru.

Da ya gama ta daɗe tana murza bakin zaninta. Kaji suna ta kiwo a tsakaninmu. Na jira ihu, na jira tsinuwa. Na ma fi son ta yi.

Ta ce, "Ya daɗe yana jin zafi?"

Ya ce, "Ya daɗe, Mama."

Ta gyaɗa kai. "Da kuka ce min harsashi, na ce to, bai sha wuya ba. Da wannan nake kwana." Ta saki bakin zanin. "Yanzu kun karɓe min."

Rhoda tana kuka a hankali.

Can ta ce, "Sun jefar da shi a daji?"

Ya ce, "A'a. Ni na haƙa masa. Nico ya yi masa addu'a irin taku."

"Da zurfi? Kuraye ba su..."

Ya ce, "Mama, haƙa ce sana'ata. Sai da ramin ya shanye ni har kai. Na jera duwatsu a sama. Akwai tsamiya a wurin, ko yau aka kai ni zan gane."

Ta juyo da idonta mai gani ta dube shi sosai. Ba ta ce ta yafe ba. Ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce, "Kai kaɗai ka san wurin?"

Nico ya ce shi a lokacin ba ya cikin hayyacinsa, ba zai iya ganewa ba.

Ta ce, "To ka ji. Ranar da hanya ta buɗe, kai za ka kai ni. In na riga na mutu, ka kai ƙanwarsa. Kafin nan ban ba ka izinin zuwa ko'ina ba. Ka ji ni?"

Ya ce, "Na ji, Mama."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule. Ba ta raka mu ba.

Muka hau mota muka kamo hanya har muka shigo gari. Wajen Bako Baban Nahla ya juya ya tambayi Nico ko ana bin hanyar can yanzu. Nico ya ce ko sojoji ba sa bi sai da rakiya, wataƙila sai nan da shekaru.

Ya ce, "To. Sai mu jira."

Gobe da safe asibiti. Ni zan raka shi.